Yadda ƙaramar hukuma za ta rage ƙarar injinan aikin titi a cikin unguwa

Yawancin ƙarar da ke hana mutane barci lokacin aikin titi, tun a takardar kwangila ake maganinta. Da zarar katafila da rola sun sauka a unguwa, ɗan kwangila ba zai kashe sisi kan abin da ba a rubuta masa ba. Don haka sashen ayyuka na ƙaramar hukuma, ko ta Dala ce ko Gwale ko Fagge a Kano, ya sa waɗannan a sharuɗɗa: awannin da injina za su yi aiki, salansa mai lafiya a kowane inji, da shingen tare ƙara a inda aiki ya matso gidaje. Idan titin na jiha ne, a hannun KARMA (hukumar gyaran titunan jihar Kano) ko Ma'aikatar Ayyuka, shugaban ƙaramar hukuma ya aika musu da sharuɗɗan a rubuce. Dokar ƙayyade ƙara ta 2009, wadda NESREA, hukumar tarayya mai tabbatar da bin dokokin muhalli, ke kula da ita, madogara ce.

Sai awo. A ba duba-gari na'urar auna ƙara, wadda ke ba da lissafi da desibel, wato ma'aunin ƙarfin ƙara. Manhajar waya tana nuna alama, amma ba a kafa hujja da ita. A riƙe na'urar kamar mita 1.5 daga ƙasa, mita 1 daga bangon gidan da ya fi kusa da aikin, a auna kafin a fara aiki, a sake aunawa injina na aiki. Lissafin desibel ba irin na kasuwa ba ne: inji biyu masu ƙara ɗaya suna ƙara desibel 3 ne kacal a kan na guda ɗaya, amma ƙarin desibel 10 kunne yana jin sa kamar an ninka ƙarar.

Tazara ita ce magani mafi arha, kuma ita aka fi yin sakaci da ita. A fili, duk lokacin da aka ninka nisa tsakanin inji da gida, ƙara na raguwa da desibel 6. Janaretan da ke ba da 89 a mita 5 zai koma 83 a mita 10, ya koma 77 a mita 20. Janareta da kwamfiresa da injin kwaɓa siminti ba dole su zauna a bakin aiki ba. A sayi doguwar waya da dogon tiyo a kai su nesa da tagogi, a juya bakin salansa ya kalli titi. A lungunan cikin birni ƙarar tana dukan bango tana dawowa, don haka ragin ba ya kai haka.

A nan shinge ke shigowa. Kwanon rufi shi kaɗai ba ya tare ƙara sosai, ga shi yana karkarwa ya ƙara tasa. A yi amfani da filawud mai kauri milimita 18, tsayi mita 2.4, a kafa shi dab da injin, a toshe haɗin alluna da ƙasan shingen da buhunan yashi. Idan mai tsaye a ƙofar gida yana hango injin ta sama ko ta gefe, shingen bai gama aiki ba. Wanda ya ɓoye injin gaba ɗaya yana iya rage kusan desibel 10, amma ƙaramar kafa tana cinye yawancin wannan riba.

Injinan kansu a duba su duk mako. Fasasshiyar salansa, murfin da kusoshinsa suka kwance, da rashin giris a gaɓoɓi, su ne masu ƙara. A zafin Maris da Afrilu leburori kan buɗe ƙofofin kwamfiresa wai ya sha iska. An ƙera shi ne ya yi aiki a rufe. Idan yana zafi, a wanke lagireto da matatar iska. Kada a cire ƙararrawar da tifa ke yi idan tana baya, rai take karewa. A tsara mata hanyar shiga da ta fita don ta rage yin baya, a kuma hana direba buga murfin baya don kakkaɓe ƙasa.

Illar rola mai girgiza ta fi ta ƙara a unguwannin da ke da gidajen ƙasa, domin tana iya tsaga bango. Kusa da irin waɗannan gidaje a kashe girgizar, a zuba ƙasa sirara-sirara, a yawaita bi.

Fasa kwalta da kankare a yi shi da hantsi zuwa azahar. Mai unguwa da limamai da shugabannin makarantu su san jadawalin mako guda kafin a fara, a kauce wa lokacin Juma'a da ranakun jarrabawar WAEC da NECO. Kusa da asibiti, kamar na Murtala, da hukumar asibitin za a tsara lokacin.

Wanda ya fi kowa cutuwa shi ne mai riƙe da injin fasa kwalta. Desibel 85 na awa 8 ne iyakar da ake ɗauka kunne zai jure, a desibel 100 kuwa minti 15 ne. Auduga ba ta isa ba. A ba shi abin toshe kunne na gaske, a riƙa canjin ma'aikacin da wani, kuma duba-gari ya rubuta hakan a rahotonsa kafin a biya ɗan kwangila kason kuɗi na gaba.