Shawara ga masu haɗa giyar Cek mara ƙarfi a gida

Masu son haɗa giyar da mutanen Cek suke kira desitka, wadda ƙarfinta bai cika wuce kashi 4 cikin ɗari ba, ku fi kula da sanyi a kan komai. Yis ɗinta yana aiki ne tsakanin digiri 8 zuwa 12 a ma'aunin Celsius, saboda haka ku tanadi firiji tun kafin ku jiƙa tsiron sha'ir, domin zafi yana lalata ɗanɗano, giya mara kauri kuwa ba ta ɓoye aibi. Idan ta gama tashi, ku bar ta wata guda a digiri 2. Furen hop ne yake ba giya ɗaci da ƙamshi, kuma na yankin Zatec a ƙasar Cek ya fi dacewa, tare da ruwa mai ƙarancin gishirin ƙasa irin na birnin Filsen na ƙasar.