Kurakuran da ɗaliban musayar karatu suka fi yi, da yadda za a kauce musu

Ɗalibin da ya samu gurbin musayar karatu a ƙasar waje, ko daga Jami'ar Tarayya ta Gusau yake, ko ta Birnin Kebbi, ko ta jihar Kebbi da ke Aliero, har yanzu ɗalibin jami'arsa ne, domin zango ɗaya ko biyu kawai zai yi a can ya dawo ya ƙarasa digirinsa a gida. Mantawa da wannan shi ke jawo kuskuren da ya fi kowanne tsada, wato tafiya ba tare da rubutacciyar yarjejeniya a kan darussan da za a lissafa masa idan ya dawo ba.

A shirin Erasmus+ na Tarayyar Turai akwai takardar yarjejeniyar karatu wadda ɗalibi da jami'arsa da jami'ar da za ta karɓe shi suke sa wa hannu kafin tafiya. Jami'o'in can suna auna karatu da ma'aunin ECTS, inda cikakken zango yake da maki 30, lissafin da ya sha bamban da namu. Da yawa sukan wadatu da alkawarin baki, shugaban sashe ya ce, "Je ka ka dawo, za mu duba," alhali shugabancin sashe yana canza hannu, kuma wanda ya gaje shi takarda kawai zai nema. Gyaran shi ne ɗalibi ya buga bayanin kowane darasi, ya zauna da jami'in jarrabawa na sashensu, ya tambaye shi dalla-dalla, "Malam, wannan darasin wanne zai maye a cikin namu?" sannan a rubuta, a sa hannu, a buga hatimi. Idan ya isa ya tarar an soke wani darasi ko lokutan biyu sun ci karo, to ya gyara takardar a makonnin farko. Kada kuma ya bar rajistarsa ta gida, domin kuɗin makarantar can ne aka ɗauke masa, na nan yana nan. Ya kuma gwada kalandar jami'o'in biyu, tun da yajin aikin ASUU na wata takwas a 2022 ya karkatar da zangunan jami'o'i da yawa, kuma abin takaici ne yaro mai ƙoƙari ya maimaita shekara saboda jarrabawar gida ta faɗo yana Turai.

Kuskure na biye shi ne na biza. Bizar Shengen ta gajeren zama kwana 90 take bayarwa a cikin 180, zangon karatu kuwa ya fi haka, saboda haka bizar dogon zama ta ƙasar da za a je ita ce ake nema, kuma a fara da zarar takardar karɓa ta iso, bayan an tabbatar fasfo bai kusa ƙarewa ba.

Sai batun kuɗi. Tallafin wata-wata yakan makara har sai an buɗe asusun banki a can, mai ɗaki kuma yana son kuɗin ajiya tun ranar karɓar mabuɗi. Duk wanda bai tanadi guzurin watan farko daga gida ba zai fara karatu da bashi.

Iyaye ma suna da nasu kuskuren, na ƙauna. Hajiya takan cika jaka da kilishi da man shanu, alhali dokar Tarayyar Turai ta hana matafiyi daga ƙasashenmu shiga da nama ko kayan madara, kuma a filin jirgi za a ƙwace su. Busasshen kifi, irin na Yauri, an yarda da shi har kilo 20.

Wanda ya taso a zafin Gusau yakan ɗauka hunturun can kamar namu ne. A Jamus, a watan Disamba, rana tana faɗuwa wajen ƙarfe huɗu na yamma, Azahar da La'asar da Magariba su taru cikin 'yan sa'o'i ana tsakiyar lacca. Ya kamata ya sayi rigar sanyi mai nauyi a can, ya nemi jadawalin salla na masallacin garin, ya tambayi ofishin ɗaliban ƙasashen waje wurin da zai yi salla. Kulle kai a ɗaki da waya, ana hira da mutanen gida dare da rana, yana ƙara kewa ne kawai, ya kuma hana ɗalibi sanin abokan ajin da zai yi aikin rukuni da su.

A cikin aji, kwafo rubutun wani ba tare da ambaton mai shi ba laifi ne babba, ana kuma gano shi da manhajoji irin su Turnitin, ya jawo faɗuwa a darasin baki ɗaya. Kafin ya baro garin, ɗalibi ya karɓi takardar shaidar zamansa, ya tabbatar da adireshin ofishin da za a aika wa sakamakonsa, sannan ya bi sawun sakamakon da kansa har sashensu ya shigar da shi.