Ruwan sinadari marar suna: ta ina za a fara?

'Yan uwa ɗalibai, idan an miƙa muku ruwan sinadari marar suna a ɗakin gwaje-gwaje, kada ku ɗanɗana, kada kuma ku kai hanci bakin kwalba. Ku rarraba shi kaɗan-kaɗan cikin bututan gwaji, ku bar saura don maimaitawa.

Ku fara da takardar litmos: shuɗiya ta koma ja, asid ne, ja ta koma shuɗiya, alkali ne. Sannan ku ɗiga asid da aka sirka da ruwa. In ya yi kumfa, iskar kuma ta mayar da ruwan farar ƙasa kamar madara, to akwai kabonet.

Inda mutane suka fi yin tuntuɓe shi ne gwajin silba naitiret, sinadarin da ake ɗigawa cikin samfurin a duba launin garin da zai kwanta. Farin gari ya kwanta, kulorayid ne, gari mai launin ruwan madara, buromayid, rawaya, ayodayid. Amma sai an fara sa asid na naitirik. Kada a kuskura a sa asid na haidurokulorik! Shi kansa kulorayid ne a cikinsa, farin garin zai fito ko da babu komai a samfurin, ku rubuta amsar ƙarya.

Gwajin harshen wuta kuwa, sodiyam rawaya yake bayarwa, kuma ɗan ɓurɓushinsa kan danne launin fotasiyam, don haka a goge wayar ƙarfen da ake ɗibar samfurin da ita a kai cikin wutar sosai tukuna.