Yadda Ake Yi wa Waƙa Tahmisi

Tahmisi shi ne mutum ya ɗauki rubutacciyar waƙar wani mai ƙwar biyu, wato mai ɗango (layi) biyu a kowane baiti, ya ƙara wa kowane baiti ɗango uku a samansa, baitin ya koma ƙwar biyar. Malamanmu sun gaji wannan fasaha daga Larabawa, kuma ta yi ƙarfi a gidan Shehu Usmanu Ɗanfodiyo a ƙarni na 19, inda Shehu ya tsara Tabbat Haƙiƙa da Fulatanci, Nana Asma'u ta mayar da ita Hausa, ƙaninta Isan Kware kuma ya yi mata tahmisi. A ganina babu makarantar da ta fi tahmisi horar da sabon marubuci, domin ma'auni da amsa-amo da jigo duk an riga an kafa masa su, kuma ba shi da ikon kauce musu.

Da farko ka zaɓi waƙar da ka san jigonta sosai, ka yi ta rera ta har karinta ya zauna maka a kunne kafin ka taɓa alƙalami. Bayan haka sai ka yanka ɗangwayenta gaɓa-gaɓa, ka ware masu nauyi daga marasa nauyi. Gaɓa tana yin nauyi idan wasalinta dogo ne, ko tagwan wasali ne kamar a "kai", ko kuma ta ƙare da baƙi kamar a "can". A nan ne masu boko suka fi yin tuntuɓe, saboda rubutunmu na yau da kullum ba ya nuna tsawon wasali: garin da ake zama a cikinsa da garin da ake tuƙa tuwo da shi rubutunsu ɗaya ne, alhali gaɓar farko ta na biyun mai nauyi ce, ta na farkon kuwa marar nauyi. Ajami yana nuna wannan bambanci da alif da wawu da ya, saboda haka idan waƙar tana da kwafin ajami, ka neme shi. Sanin sunan bahari, wato ma'aunin da aka ɗora waƙar a kansa, ko Kamil ne ko Basiɗ ko Ramal, yana taimakawa, amma kunne ne alƙali.

Amsa-amon sababbin ɗangwayenka uku zai bi na ɗangon farko na baitin asali, ta yadda huɗun farko za su ƙare da sauti ɗaya, shi kuwa na biyar ya ci gaba da riƙe babban amsa-amon da ya ratsa waƙar tun daga farkonta.

Wuyar aikin tana wajen ma'ana. Ɗangwayenka share fage suke yi, don haka dole maganarsu ta gangara cikin maganar mai waƙa har mai sauraro ya kasa gane inda aka yi ɗori. Kada ka riga shi faɗin abin da yake shirin faɗa, domin idan ka yi haka ɗangwayensa biyu za su zama maimaici, ka kashe masa baiti. Ka kawo dalili, ko misali, ko tambayar da baitinsa zai amsa. Kalmominsa kuwa amana ce, ba a canza ko ɗaya, ko da ta tsufa ko ta fito daga karin harshen da ba naka ba.

Idan ka gama, ka ba wani ya rera maka ita ba tare da ka nuna masa kari ba, duk inda harshensa ya sarƙe ka koma ka auna gaɓoɓin wurin. A baitocin rufewa ka ambaci sunan mai waƙar ta asali kafin naka, ka kuma bayyana cewa tahmisi ka yi.