Yadda tele za ta buɗe Grafana da kanta ba tare da an sa kod ba

Ku masu liƙa tele a bango a shago ko biro nan Maradi don ganin lissafin solar ko na rezo da Grafana (manhajar da ke nuna lissafi a allo cikin zane), matsalar kullum ɗaya ce, kuran ya tahi ya dawo sai tele ta tsaya tana neman suna da kod, ga shi babu madannin rubutu a jikinta.

Da farko je ordinatan da Grafana ke ciki, buɗe /etc/grafana/grafana.ini ka nemi sashen auth.anonymous. Sa enabled = true, sa org_role = Viewer, kuma ka goge alamar ; da ke gaban layin, in ba ka goge ta ba aikin banza ka yi. Viewer (izinin kallo) kaɗai don Allah, kar ka ba mai shiga babu kod Admin (izinin canza komai).

Sai ka buga sudo systemctl restart grafana-server.

Yanzu ɗauki adireshin allon lissafinka na Grafana ka ƙara ?kiosk a ƙarshe (in akwai alamar ? a adireshin tun da farko, sa &kiosk), menu duk ya ɓace. A Raspberry Pi (ƙaramin ordinata) da ke maƙale bayan tele ka sa Chromium (manhajar buɗe intanet) ya riƙa tashi da --kiosk da wanga adireshi duk sanda aka kunna, kuma ka ba ordinatan da Grafana ke ciki IP (lambar adireshinsa a rezo) tsayayye a ruta kar ya riƙa canzawa.

Abin da ya fi damuna shi ne duk wanda ke kan wifi ɗinka zai iya ganin allon, to kar ka buɗe ƙofa 3000 (port ɗin da ake shiga Grafana ta shi) ga intanet, kuma lissafin kuɗin shago kar ya shiga ciki sam.