Jan ƙwai a ƙofar ɗakin injin leza

'Yan'uwa masu injin leza na yankan roba da katako, da masu walda a Panteka, ga dabara mai arha.

Ku sa jan ƙwan lantarki a saman ƙofa daga waje, ku haɗa shi da makunnin injin kansa. Inji ya tashi, ƙwai ya kama. Ba sai wani ya tuna ba.

Dalili kuwa, hasken lezar CO2, irin wadda ake wannan yankan da ita, ido ba ya ganinsa, amma yana ƙona fata, yana lalata ido. Takardar "Kada a shiga" da na manna a ƙofa, cikin wata guda ƙurar hunturu ta cinye ta, yara sun daina ko kallonta. Ranar da almajirina ya faɗo cikin ɗakin murfin injin a buɗe, gabana ya faɗi.

Inda dabarar ba ta aiki: in ƙwan ya mutu, sai a ɗauka lafiya lau. Ku sa biyu, ku duba kowace safiya. In ƙofar na fuskantar rana, ku yi masa 'yar rumfa.

Kuma don Allah, ƙwai ba ya maye gurbin tabarau na kare ido. An ɗauke wuta ma, kada a taɓa cikin injin nan take, ragowar wuta na nan.