Yadda za ka kalli Mughal-e-Azam ka ji daɗinsa

Da farko dai ka ware masa lokaci, don ya haura awa uku, kuma ba irin fim ɗin da za ka kunna kana latse-latsen waya ba ne. Fim ɗin Indiya ne, labarin soyayyar Yarima Salim ɗan Sarki Akbar da wata baiwa mai rawa, Anarkali. K. Asif ne daraktan, an sake shi a 1960 bayan an fi shekara goma ana fama da aikin, rabuwar Indiya da Pakistan a 1947 ma sai da ta tsayar da shi cak.

Kwafi biyu ne ke yawo, na asali mai baƙi da fari da wanda aka yi wa kala a 2004. Ni dai ka fara da na asalin. Kana cikin baƙi da fari idonka ya saba, kwatsam sai kala ta ɓarke a wurin rawar Anarkali cikin ɗakin madubai, Lata Mangeshkar na rera waƙar, Sarki Akbar ya ɗaga ido ya ga baiwar da ya raina ta cika kowane madubi tana faɗa masa a gaban fadawa cewa ba ta tsoronsa. Wallahi sai tsigar jikinka ta tashi. A mai kalar nan wannan mamakin babu shi.

Ka nemi mai fassara a rubuce a ƙasa, saboda maganganun Urdu ne mai nauyi, kusan waƙe suke yi wa juna.

Sai babban abin, kar ka kafa wa masoyan ido su kaɗai. Eh, Dilip Kumar (Salim) da Madhubala (Anarkali) sun yi, musamman inda Yarima Salim ke shafa mata gashin tsuntsu a fuska ba wanda ya ce uffan, muryar Bade Ghulam Ali Khan kawai ke tashi daga nesa. Amma ka kalli Prithviraj Kapoor. Akbar ɗinsa ba mugu ba ne fa, uba ne da ya taka rairayi mai zafi ba takalmi yana roƙon Allah ya ba shi ɗa, yau kuma ga shi ya ja runduna zai yaƙi ɗan nan saboda gadon sarauta. Ga uwar, Jodha, an sa ta a tsakiya ta zaɓi miji ko ɗa. Nan ciwon fim ɗin yake.

Ka riƙe zoben da sarki ya ba wata baiwa tun a farko, zai yi maka amfani.

Sarƙoƙin da Madhubala ke ja a kurkuku na ƙarfe ne na gaske, alhali tana fama da ciwon zuciya, shi ya yi ajalinta a 1969 tana da shekara 36. In ka ga tana layi a wurin nan, ba duka ne wasa ba.

Kar kuma ka ɗauke shi littafin tarihi. Salim dai an yi shi, shi ne ya hau mulki a 1605 da sunan Jahangir, amma Anarkali har yau masana na gardama ko an taɓa yin ta.